Koci, taya, birki ko ƙarin ƙarfin inji: wanne zai fi rage maka lokacin zagaye a filin tsere?

Wanda ya shiga filin tsere da motarsa ta yau da kullum sau biyu ko uku yakan iso wata mararraba. Tsoron farko ya tafi, ya san inda kwanoni suke, amma lokacin da yake ɗauka kafin ya kammala zagaye ɗaya ya tsaya cak, kuma motocin da ba su kai tasa ƙarfi ba suna ta wuce shi. Akwai ɗan kuɗi a hannu, sai dai ba su isa a yi komai da komai ba. A nan ne masu ba da shawara suke yawa: wani ya ce a sauya taya, wani ya ce a taɓa kwamfutar inji, wani ya ce ai koci kawai ake buƙata. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma ba a lokaci ɗaya ba, kuma ba ga mutum ɗaya ba.

Ma'aunin da za a bi

Abu na farko shi ne daƙiƙa nawa abin zai rage, kuma yaushe: yau, ko bayan wata shida. Na biyu kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne, wanda za ka biya sau ɗaya da wanda zai riƙa cin aljihunka duk fita. Na uku ɗorewa. Na huɗu sauƙi, wato ko za ka iya da kanka ko sai da bakanike. Na biyar haɗari, ga jikinka da motar da kuma inshorarka. Akwai na shida wanda a ganina ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi: idan ka sayar da motar gobe, ribar za ta bi motar ne ko za ta zauna tare da kai?

Ban sa farashi da lamba ba, domin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma mota zuwa mota. Na auna komai da kuɗin shiga fili na yini ɗaya, tunda shi ne ma'aunin da kowane mai wannan sha'awa ya sani.

Birki: wannan ba zaɓi ba ne

Bari a fara cire birki daga gasar, domin shi ba don rage lokaci ake gyara shi ba, don a koma gida lafiya ne. Ƙarfin da birki yake mayarwa zafi yana ƙaruwa da ninkin gudu sau kansa. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin da take da shi a kilomita 140. A titi sau ɗaya a mako za ka taka birki da dukkan ƙarfinka, in ma ka taka. A fili kuwa sau biyar ko shida a kowane zagaye, na tsawon minti 15 zuwa 20 ba hutu.

Birki yana gazawa ta hanya biyu, kuma ƙafarka ce za ta gaya maka wacce. Idan abin takawa yana nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga wari mai kauri yana tashi, fatar birki ce ta yi zafin da ya wuce ƙarfinta. Idan kuwa ka taka ka ji laushi, ƙafa tana nutsewa har ƙasa, man birki ne ya tafasa ya yi kumfa. Na biyun ya fi muni, domin yakan zo ba sallama. Ana raba man birki aji-aji da lambar DOT, kuma ƙa'ida ta ce sabon man DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin salsiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Amma man birki yana zuƙar ruwa daga iska, kuma DOT 4 da ya jiƙa yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. Irin wanda ake yi don tsere, kamar Motul RBF 600 da Castrol SRF, yana wuce digiri 300 yana sabo. A kula, DOT 5 maras ɗigo ɗaya a bayansa wani abu ne daban, da silikon aka yi shi, ba a gauraya shi da sauran.

Sabon mai da fatar birki mai jure zafi ba su da tsada idan aka kwatanta da komai a wannan jerin. Illarsu ita ce fatar tsere tana ƙara kamar tsohuwar tifa, tana baƙanta wili da ƙura, tana cin faifan birki, kuma wasu irinta ba sa kamawa sosai da sanyin safiya. Manyan birki masu launin ja da ake sayarwa da tsada kuwa ba sa rage tazarar tsayawa ɗaya, tunda taya ce ke riƙe kwalta. Amfaninsu shi ne jure zafi, kuma ƙaramar mota maras nauyi galibi ba ta buƙatarsu.

Koci a kujerar gefe

Yawancin masu shirya ranar fili, wato ranar da ake buɗe filin tsere ga masu motocin kansu, suna da ƙwararrun direbobi da za su zauna kusa da kai na zango ɗaya (shiga ɗaya ta zagaye da dama a jere), ko rabin yini, ko yini guda. Zango ɗaya kuɗinsa bai kai na shiga fili ba. Yini guda da koci naka kai kaɗai yana iya kai kuɗin shigar ko ya wuce.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Ka nufi kwana, idonka yana kan hancin mota, sai ka ji muryarsa ta cikin hular kwano: «Ɗaga ido. Kar ka juya tukuna. Jira. Jira. Yanzu.» Kai kuwa duk jikinka yana ce maka ka makara. Sai ka ga motar ta shige ƙuryar kwana a sauƙaƙe, sitiyari ya miƙe da wuri, ƙafarka ta sauka kan totur tun kafin inda ka saba. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi ke nan: juyawa da wuri. Wanda ya juya da wuri zai taɓa ƙuryar kwana da wuri, sai hanya ta ƙare masa a wajen fita, dole ya ɗaga ƙafa daidai lokacin da ya kamata ya taka.

Lissafin yana da sauƙi. A ce bayan kwanar akwai miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 500. A matsakaicin gudun kilomita 150 a awa za ka share ta cikin daƙiƙa 12. Idan ka fita kwanar da ƙarin gudun kilomita 5 a awa kuma ratar ta bi ka, lokacin zai sauko kusan daƙiƙa 11.6. Ratar takan ɗan ragu kafin ƙarshen hanyar, amma ko da rabinta ka riƙe, fili mai kwana goma sha biyu zai ba ka dama irin wannan sau da yawa, kuma ba ka canza ko ƙusa ɗaya a motar ba.

Koci yana gyara abubuwan da ba za ka taɓa gani da kanka ba. Mutum ba ya sanin yana taka birki a hankali sannan ya ƙara ƙarfi, alhali a fili akasin haka ake so, a taka da ƙarfi tun farko a riƙa saki a hankali yayin da ake juyawa. Ba ya sanin akwai daƙiƙa guda cur da ƙafarsa ba ta kan birki ba ta kan totur, mota tana tafiya haka kawai. Ba ya sanin ya ƙanƙame sitiyari har kafaɗunsa sun sandare. Duk wannan a zango ɗaya mai ido zai gano.

Ɗorewarsa ta fi ta kowa, domin ilimin yana bin ka zuwa kowace mota da kowane fili. Haɗari kuma raguwa yake yi. Rauninsa biyu ne. Ba kowane gwanin tuƙi ba ne ya iya koyarwa, kuma za ka iya faɗawa hannun wanda surutunsa ya fi amfaninsa yawa, don haka gara ka gwada zango ɗaya kafin ka ɗauke shi yini. Sannan abin da aka gaya maka yana gushewa idan ka yi wata biyar ba ka koma ba.

Yawan shiga fili kawai

Wasu suna cewa a bar komai, a zuba kuɗin a kuɗin shiga. Akwai gaskiya a ciki, domin babu abin da ke maye gurbin zama a kujera. Amma maimaita kuskure sau ɗari ba ya gyara shi, sai dai ya kafa shi. Kuma wannan zaɓi ya fi yadda ake zato tsada, tunda kowace fita tana cin mai da taya da fatar birki da baƙin mai, ban da tafiya da kwana. Yana biya ne idan ka shiga kowane zango da abu ɗaya tak da kake son gyarawa, misali kwana ta uku kaɗai, ka bar sauran su tafi yadda suka saba.

Na'urar auna zagaye da bidiyo

Nan akwai matakai. Mafi araha manhajar waya ce irin RaceChrono ko Harry's LapTimer. Matsalar ita ce na'urar gano wuri da ke cikin yawancin wayoyi sau ɗaya take karɓar bayani a daƙiƙa, kuma motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cin mita 44 a wannan daƙiƙar. Idan ka haɗa wayar da ƙaramar na'ura ta waje mai karɓa sau 10 a daƙiƙa, tazarar za ta sauko ƙasa da mita 5, a nan ne bayanan suke fara amfani. Sama da wannan akwai na'urori masu zaman kansu kamar AiM Solo da VBOX, sai kuma Garmin Catalyst da ya fito a 2020, wanda yake magana da kai yana ba ka shawara kana cikin tuƙi.

Ba lokacin zagaye ba ne abu mafi daraja da na'urar take bayarwa. Zanen gudu ne, layin da ke nuna gudunka a kowace mita ta fili. Ka ɗora zagayenka kan na wanda ya fi ka a mota irin taka, nan take za ka ga inda ya riga ka komawa kan totur, da inda ka rage gudu fiye da kima. Na'urar kuma takan haɗa mafi kyawun yankunan da ka taɓa yi ta nuna maka lokacin da za ka iya samu da ka yi su a zagaye ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wannan lokaci da ainihin naka ita ce ma'aunin rashin daidaitonka, kuma ga sabon shiga takan yi faɗi.

Sau ɗaya ake saye, tana shekaru, tana komawa kowace mota. Sai dai tana son mai haƙurin zama da kwamfuta da dare, kuma da yawa sun saya sun ƙare da kallon lamba ɗaya. Haɗarinta na gaske shi ne allon da ke nuna maka kana gaba ko baya yayin tuƙi, domin shi ke sa mutum ya yi ganganci a kwanar ƙarshe don ya ceci zagaye. Ga kuma batun doka. A Birtaniya masu shirya ranar fili da yawa sun hana auna lokaci saboda sharuɗɗan inshorarsu, kuma a ranakun da ake buɗe Nordschleife, doguwar hanyar filin tseren Nürburgring a Jamus, ga jama'a, dokar titi ce ke aiki, ba a yarda da tsere ba. Karanta ƙa'idar wurin kafin ka manna komai a gilashi. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili, kuma ko ta musamman da ake saye don ranar tana iya faɗuwa idan aka tabbatar gasa ake yi.

Taya

Idan ana maganar abin da ake ɗaura wa mota, babu wanda ya kai taya rage lokaci. Tana taimakawa a birki, a kwana, da wajen fita, duka uku. Daga tayar titi zuwa taya mai danƙo irin su Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Michelin Pilot Sport Cup 2 ko Toyo R888R, bambancin na daƙiƙu ne a zagaye, kuma tun zangon farko za ka ji shi.

To me ya sa ban sa ta a gaba ba? Saboda tayar titi malama ce. Kafin ta saki kwalta tana kuka, tana zamewa a hankali, tana ba ka lokacin gyara, kuma duk wannan a gudun da bai kai na halaka ba. Taya mai danƙo tana rufe kuskure. Ka juya da wuri, ka fizgi sitiyari, ta haɗiye, lokacinka ya sauka, ka ɗauka ka ƙware. Ranar da za ta saki kuwa, gudunka ya fi na da, kuma gargaɗinta gajere ne.

Ta fuskar kuɗi, saiti ɗaya yakan ninka kuɗin shiga fili sau da dama, kuma abin ci ne, ƙarewa yake yi. Ba sai zanenta ya shafe ba ma: duk lokacin da ta yi zafi ta huce robar tana ƙara tauri, har ta kai tana da zane amma babu riƙo. A ruwan da ya kwanta kan kwalta wasunsu suna da haɗari ƙwarai. Sannan ƙarin riƙo yana tura nauyi ga sauran sassa: birki ya ƙara zafi, boris ya gaji da wuri, kuma a wasu injuna baƙin mai yakan taru gefe ɗaya a doguwar kwana har famfo ya zuƙi iska.

Akwai abu biyu masu araha da ya kamata su riga sabuwar taya. Ɗaya gejin iska ne. Iskar taya tana hauhawa idan ta yi zafi, don haka ana aunawa ne da zarar an fito daga fili, a rage har ta dawo inda ake so, a kuma tuna a mayar kafin a hau titi. Na biyu saitin ƙafafu, musamman karkatar da saman tayar gaba ciki kaɗan. Duba kafaɗar tayarka ta waje bayan zango: idan ta cinye ta yi gaɗa-gaɗa alhali cikin yana nan sabo, saiti kake buƙata, kuma sabuwar taya mai tsada ma haka za ta cinye.

Shokazoba da sifirin

Masu kyau suna da tsada, masu araha kuma sukan lalata abin da injiniyoyin kamfani suka daidaita. Mota mai tauri ba lallai ta fi sauri ba, musamman a fili mai gargada. Wannan na wanda zai iya faɗa wa bakanike ne cewa gaba yana turewa a tsakiyar kwana, ko baya yana fizgewa idan an saki birki. Wanda bai kai nan ba, maɓallan daidaitawa ruɗa shi kawai za su yi.

Ƙarin ƙarfin inji

Shi ya fi jan hankali, kuma a injin tarbo sauya manhajar kwamfuta yana ƙara ƙarfin doki da kuɗi kaɗan. Amma yana aiki ne kawai inda ka taka totur har ƙasa, kuma yana kai ka bakin kwana da gudun da birkinka da idonka ba su saba ba. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma mota da yawa da ke tashi kamar kibiya a zagaye biyun farko, a na biyar kwamfuta ta rage musu ƙarfi don ta kare inji, sai an ƙara lagireto da na'urar sanyaya mai. Garanti yana iya tafiya, kulocin ma haka. Salansa mai ƙara kuma tana iya sa a fitar da kai, domin filaye da yawa suna da iyakar ƙara, Laguna Seca a Amurka ta yi suna a kan haka. Mazda MX-5, wadda aka fara sayarwa a 1989, ba ta da wani ƙarfi, amma ta cika filayen duniya, kuma a hannun gwani tana hana manyan motoci sakat a kwanoni.

Kwaikwayon tuƙi a kwamfuta

Manhajoji irin iRacing da Assetto Corsa suna da filayen da aka auna da hasken leza, har gargadar kwalta tana nan inda take. Don haddace fili babu kamarsu, balle irin Nordschleife mai tsawon kilomita 20.8 da kwanoni sama da 70. Jann Mardenborough ya lashe GT Academy a 2011, gasar da ke mayar da gwanayen wasan bidiyo na Gran Turismo direbobin tsere, kuma a 2013 motar da ya tuƙa tare da abokan tuƙinsa ta zo ta uku a ajinta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Sai dai an ba shi horo mai tsanani a mota ta gaske kafin nan. Kwamfuta ba ta koya wa jikinka jin zamewar mota, kuma ba ta koya maka tsoron shingen ƙarfe, tunda a can maɓalli ɗaya ke gyara mota.

| Zaɓi | Rage lokaci | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Man birki da fata | Kaɗan | Ƙasa | Ana sabuntawa | Mai sauƙi | Yana raguwa sosai |
| Koci | Babba ga sabon shiga | Ƙasa zuwa matsakaici | Yana tare da kai | Mai sauƙi | Yana raguwa |
| Yawan shiga fili | A hankali | Sama, duk fita | Yana tare da kai | Mai sauƙi | Daidai |
| Na'urar aunawa | Matsakaici | Ƙasa zuwa matsakaici | Shekaru | Sai da nazari | Ganganci da inshora |
| Geji da saitin ƙafafu | Matsakaici | Ƙasa | Ana sake dubawa | Bakanike | Ƙasa |
| Taya mai danƙo | Babba, nan take | Sama, tana ƙarewa | Gajere | Mai sauƙi | Yana ƙaruwa |
| Shokazoba | Ya danganta da saiti | Sama | Shekaru | Mai wuya | Matsakaici |
| Ƙarfin inji | Ƙasa da zato | Matsakaici, da ƙarin gyara | Yana bin mota | Bakanike | Sama |
| Kwaikwayo | Sanin fili | Sau ɗaya | Shekaru | Mai sauƙi | Babu |

Wa ya dace da me

Idan fitarka ba ta wuce biyar ba, sabunta man birki, sa fata mai jure zafi, sayi geji, sauran kuɗin ka ba koci. Bar tayar titi ta ƙare tukuna.

Idan ka san layin da ya dace ka bi a kowace kwana amma lokacinka yana hawa da sauka da daƙiƙa biyu ko uku tsakanin zagaye da zagaye, na'urar aunawa da kyamara ne naka, in wurin ya yarda, tare da koci wanda ya iya karanta zanen gudu. A irin wannan hali ko ka sauya taya ba za ka iya tantance abin da ta ƙara maka ba.

Idan zagayenka biyar a jere suna cikin rabin daƙiƙa da juna, kuma koci ya hau motarka bai fi ka da wani abin kirki ba, to ka cinye abin da motar take da shi. Yanzu ne lokacin saitin ƙafafu, sannan taya, sannan shokazoba, ɗaya bayan ɗaya don ka san wanne ya yi aiki.

Idan da motar kake zuwa aiki ranar Litinin, guji taya mai danƙo sosai da taɓa inji, ko ka sayi wili na biyu da za ka riƙa ɗaurawa a fili kaɗai, ka kuma nemi inshorar ranar. Wanda sau biyu kawai yake samun fita a shekara, ko zai je fili mai nisa da bai taɓa gani ba, sitiyarin kwamfuta zai cike masa giɓin. Ƙarfin inji kuwa ya dace da wanda birkinsa da sanyayawarsa da tayarsa suka riga suka fi ƙarfin motar, kuma filin da yake zuwa mai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi ne.